Iskar da Ta Karkatar da Katangar Baba

Baba bai taɓa gina bango karkatacce ba. A gidansa an san wannan kamar yadda aka san inda rana ke fitowa. In aka ga wani gininsa ya ɗan jirkice, to ko dai ƙasa ce ta motsa, ko mai kallon ne bai tsaya daidai ba. Da ɗaukar bulo a ka ya fara, ya ƙare da bene hawa uku na kansa a bakin babban titi, shaguna a ƙasa, gidajen haya a sama. Katangar da ta zagaye rufin benen kuwa bai bari kowa ya taɓa ta ba. Da hannunsa ya jera ta, don duniya ta shaida cewa tsufa bai ci komai a jikinsa ba, balle idonsa da likita ke ta yi wa sharri.

Shi ya sa ranar da Auta ta shigo falo ta tarar da benen Baba a talabijin ya yi ciki kamar tulu, yana karkarwa kamar mai zazzaɓi, ta san ba benen ne ke rawa ba, aurenta ne.

Auta ce ƙaramar 'yarsa. Ta yi digirinta, ta kama ɗan ofis a saman wani shagon gyaran waya, tana tace bidiyo tana ci da kanta. Wanda take so wani mai ɗaukar hoto ne da ɗan jirgin nan marar matuƙi, wanda abokai ke kira Kyaftin. Tun ranar farko Baba ya yanke masa hukunci.

"To in jirgin marar matuƙi ne, shi mene ne aikinsa?"

Ba a samu amsar da ta gamsar da shi ba. Don a gyara wannan ne Kyaftin ya roƙi izinin ɗaukar sabon benen daga sama, a nuna wa masu son haya. Ga kuma abin da ya fito.

A kujerar kusa da Baba, riƙe da rimot, Lauya ne zaune, ɗan aminin Baba, mutumin da ko sannu ba ya yi sai ya kafa hujja. Shi ma yana son Auta, kuma ya daɗe da gane cewa hanyar zuciyarta ta bi ta falon mahaifinta.

"Baba, ba don in shiga tsakani ba," in ji shi, yana sake maido da bidiyon farko, "amma a doka wannan sunansa ɓata suna. Ya shiga guruf ɗin dangi. Duk mai neman haya da ya ga wannan zai ɗauka ginin na shirin durƙusawa ne."

"Zo nan, Auta," in ji Baba. "Wannan ginin wa ye?"

"Naka ne, Baba."

"Da wane fenti na shafa shi?"

"Ruwan ƙwai."

"To me ya sa mai ƙudan nan naki ya mayar min da shi ruwan toka? Dubi sama ma, layi-layi kamar zanen katifa. Allah bai yi sama haka ba, ni ban yi gini haka ba. Mutum ɗaya ya ɓata aikinmu mu biyu."

Mama, da ke tsaye a bakin ƙofar kicin, ta ce a hankali, "A dai yi istigfari, Alhaji."

Hawaye suka cika idon Auta. Ta durƙusa a gefen kujerarsa.

"Baba, wallahi ba ginin ba ne, ba kuma ɗaukar ba ce. Wajen fitarwa aka yi kuskure. Abu ne mai gyaruwa."

"To a gyara. Ranar Asabar zan tara masu haya. Ya kawo min ginina a miƙe yadda na gina shi. In ya kasa, wanda ba zai iya riƙe hoton gida ba, ban ga yadda zai riƙe gida ba."

Lauya ya sunkuyar da kai cikin jimami irin na magajin da ya ji mai dukiya ya yi tari.

Washegari da hantsi Kyaftin ya hau matakalar ofishinta da jakar jirginsa a baya, fuska kamar an aiko masa da sammaci. Dogo ne siriri, mai saurin murna da saurin nadama.

"Ranki ya daɗe..."

"Kar ka daɗar min da rai. A ina ka tace shi?"

"A waya."

"A waya." Ta juyo da kujerarta. "Kana neman auren mai tace bidiyo, ka je ka tace a waya. Da likita kake nema, da kanka za ka yi wa kanka tiyata ke nan?"

"So na yi in ba ki mamaki."

"Ka ba ni. Ka ba dangi gaba ɗaya. Gwaggona ta bugo tana tambaya ko an samu fitar da mutanen ciki."

Ya zauna a kan kwalin firinta, ya dafe kai. Ita kuma kukan da ta riƙe tun jiya ya ƙwace mata.

"Kai ba ka san me nake haɗiya a gidan nan ba. Kullum Lauya na falo. Ya san maganin hawan jinin Baba, ya san tashar da yake kallo. Ni kuma ina ta cewa a yi haƙuri, mutumina yana da sana'a. Sau ɗaya aka ce ka nuna sana'ar, sau ɗaya."

"In kin ce in tafi, zan tafi, Auta. Amma ki sani duk inda na tashi, nan zan dawo in sauka. Haka aka saita ni."

"Daɗin baki ba ya miƙar da bene." Ta share ido da gefen mayafi, ta miƙa hannu. "Ba ni katin. Na asali, wanda ke cikin jirgin. In ka ce min ka goge, ka bi ta taga."

Bai goge ba. Ta zura katin a kwamfuta, asalin ɗaukar ta buɗe. Ɗaukar ta yi kyau. Jirgin ya taso daga bakin titi a natse, ya zagaye benen kamar shaho, ya haye rufin. Wannan sakarai ya iya aikinsa, abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

"Matso ka ga laifuffukanka," ta ce, murya ta fara sakewa. "Na farko, ka ɗauka a hoto talatin cikin sakan, ka zuba shi a ma'aunin ashirin da biyar. Wayar ta rasa inda za ta sa sauran, ta riƙa zubar da su a hanya. Shi ne tuntuɓen da yake yi."

Ta daidaita ma'aunin, ta ɗan kwantar da girgizar farfela. Karkarwa ta tsaya cak.

Kyaftin ya miƙe tsaye. "Ya daina rawa."

"Zauna. Na biyu, launi. Da gangan ka ɗauka a koɗe don kar haske ya ƙone, wannan daidai ne. Amma ɗanye ne, sai an dafa. Kai ka kai wa Baba ɗanye."

Ta ja wannan, ta tura wancan. Ruwan toka ya fara ɗumi, ya yi ruwan madara, ya koma ruwan ƙwai sak irin na bokitin fentin Baba. Tagogi suka yi sheƙi. Har jan rufin maƙwabta ya farfaɗo.

"Allah ya yi miki albarka. Allah ya ba ki miji nagari."

"Addu'ar da Lauya ke yi ke nan. Na uku, tulun nan. Idon kyamararka mai faɗi ne, yana lanƙwasa duk abin da ya zo gefe. Akwai gyaransa, dannawa ɗaya ce."

Ta danna. Benen ya haɗiye cikinsa ya miƙe, kamar jami'in da ya hango babbansa. Wannan karon ita ce ta kasa daurewa, ta buga tebur. Suka yi ta dariya, har mai gyaran waya ya ƙwanƙwasa silin daga ƙasa da sandar tsintsiya.

"Saura sama," in ji ta, tana numfashi sama-sama don murna. "Ka matse shi wajen fitarwa don ya yi sauƙin turawa, manhajar saƙo ta sake matse shi. An matse mai matsuwa, dole launi ya rarrabe. Yanzu da cikakken nauyinsa zan fitar, a filashi za mu kai shi da ƙafa. Waya ba za ta ƙara ganinsa ba."

Layin fitarwa ya fara cika a hankali. Suka zauna suna kallonsa kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Kyaftin har ya fara zaɓen launin labulen gidansu, ta ce ba za ta ƙara ba shi amanar launi ba har abada.

Da ya gama ta kunna a babban allo. Sama ta fito shuɗiya sumul, ba layi ko ɗaya. Kowane bulo ana iya ganinsa. Jirgin ya haye rufin, ya juyo ya bi gefen titi.

"Tsaya," in ji Kyaftin. "Nan gyaran bai kama ba."

Katangar saman rufin, ɓangaren da ke kallon titi, ta ɗan kwanta waje.

"Saura kaɗan ne," ta ce. Ta ƙara gyaran. Katangar ta miƙe, sai sandunan wuta da benen maƙwabta suka karkace gaba ɗaya. Ta rage. Duniya ta miƙe, katangar ta koma ta kwanta. Ta sake, ta kuma sakewa. Zaɓi biyu ne kawai allon ke ba ta: ko katangar Baba ce a karkace, ko garin ne duka.

Ta jawo hoton kusa. Da a matse yake da ba za a ga komai ba sai dusu-dusu. Amma ta fitar da shi da cikakken nauyinsa, kamar yadda ta yi alfahari. A gindin katangar ga tsaga siririya, ta bi layin siminti kamar zare.

Ta tuna yadda Baba ke nisantar da waya daga fuskarsa in zai karanta saƙo, da tabarau ɗin da ke kwance a aljihun tebur tun ranar da aka sayo shi.

"In muka nuna masa wannan, shi ke nan," ta ce. "Mutumin da ya ce bangonsa ya karkace ba ya ƙara shan ruwan gidanmu. Ƙanensa ma har yau ba sa magana, don ya ce dakalinsa ya karkace."

"Za a iya yanke wurin?"

"Yanke? Ka raina ni."

Ta zagaye katangar ita kaɗai a allon, ta ɗan murɗa ta, ta shafe tsagar da fentin gefe. Kafin kofin shayi ya huce, ga katanga a miƙe kamar alif. Ƙarya ce mai kyau, ita kanta sai da ta burge ta.

"Mun yi aure," in ji Kyaftin da raɗa.

Ta saki bidiyon ya ci gaba, su ga ko gyaran ya zauna. Ya zauna. Jirgin ya leƙa ta kan katangar, ya kalli ƙasa. Daidai ƙarƙashinta wurin jiran mota ne. Mutane sun jeru a inuwar benen, wata mata da lema da jariri a goye, wani tsoho ya jingina da bango yana gyara takalmi. Su ma sun fito tar, da cikakken nauyinsu.

Auta ta kifa kai a tebur ta fashe da kuka.

"Me ya sa ka iya ɗauka haka? Me ya sa ba ka zama sakaran da Baba ke zato ba?"

"Ki yi haƙuri."

"Zan rasa ka saboda katanga. A ce wata ce ta ƙwace ka, da na san da wa zan yi faɗa."

"Ba ki rasa ni ba tukuna." Muryarsa na rawa fiye da benen jiya. "Mayar da ita yadda take, Auta. Ni zan kai masa."

Ta ɗago, ta danna, katangar ta koma ta kwanta.

Ba su jira Asabar ba. Da la'asar suka sami Baba a sabon benen yana duba makullan shaguna, Mama na taya shi, Lauya na riƙe masa jaka. Auta ta roƙe shi ya shigo wani shago shi kaɗai, ta ɗora kwamfutar a kan buhun siminti.

Baba ya kalla. Da fentin ya fito ya gyaɗa kai. Da ginin ya tsaya a miƙe ya ce, "To, yanzu na ga gini." Da aka zo kan katangar, sai ya matso da fuskarsa, ya ja baya, ya sake matsowa. Kyaftin ya buɗe baki, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Ɗauko min igiyar awo a mota. Ka biyo ni. Ke tsaya nan."

Auta ta fito bakin titi ta ɗaga kai. Ta hango su a can sama, Baba ya saki igiyar mai nauyi a baki ta bi jikin katangar, Kyaftin ya durƙusa yana duba tazarar. Ta ga Baba ya tambaye shi wani abu. Ta ga Kyaftin ya nuna tazarar da yatsu. Suka daɗe a tsaye ba mai motsi.

Da suka sauko, Baba ya fara da korar masu jiran mota zuwa can gaba, ya sa aka gitta katako. Sannan ya juyo, ya gyara tsayuwa, ya yi magana da ƙarfi yadda masu shagunan maƙwabta za su ji.

"Katangar sama ta karkace."

Mama ta dafe ƙirji. Jakar hannun Lauya ta kusa faɗuwa.

"Kuma na gano dalili. Ranar da yaron nan ya tashi ƙudansa, simintin bai gama kamawa ba. Ya matso da shi kusa, iskar farfela ta tura ta."

Auta ta kalli jakar da jirgin ke ciki. Jirgin da ko hular mutum ba ya iya cirewa. Katangar kuma ta sha rana da ruwa tun kafin a yi fenti. Kowa a wurin ya san haka. Lauya, wanda ya fi kowa karatu, shi ya fara magana.

"Tabbas, Baba. Iska aba ce mai ƙarfi. A doka wannan ɓarna ce ta sakaci, kuma in ka ba ni dama gobe zan..."

"Baba," Auta ta katse shi, "wannan jirgin fa..."

"Haka ne, Baba," in ji Kyaftin, idonsa a ƙasa. "Na matso da yawa. A gafarce ni."

Baba ya dube shi, kallo mai tsawo, irin wanda yake yi wa bulo kafin ya yarda a ɗora shi a gini.

"Ka ji mai kunya," ya ce. "Ba kotu, Lauya. Wanda ya ɓata shi zai gyara. Gobe da safe za mu rushe ta, ni da shi, mu sake jerawa. Kuma mutumin da ke iya ture min katanga ba zan bar shi yana yawo a gari ba. Kusa da ni zan ajiye shi, inda idona zai riƙa ganinsa." Ya juya ga Mama. "In an gama aikin, ki ce wa 'yarki ina son ganin manyansa."

Mama ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na motsi, ba a san ko kuka take ba ko dariya. Lauya ya tsaya da jaka a hannu, yana lissafin inda hujjarsa ta kai shi. Auta kuwa ta ruga cikin shagon, ta rungume kwamfutarta don ba abin da ya halatta ta runguma a wurin sai ita.

Kafin gari ya waye labari ya gama unguwa, ya kuma ƙara nauyi a hanya. Masu shaguna suka ce jirgin ya ture katanga. Direbobi suka ce ya tsaga bene.

Da hantsi Auta ta hau rufin da ruwan sanyi. An rushe tsohuwar katangar, an fara sabon layi. Kyaftin ya yi fari fat da ƙurar siminti, tafin hannunsa ya yi ƙulu-ƙulu. Baba ya ɗora bulo, ya daddanna shi, ya ɗauki igiyar awo ya riƙe ta nesa da fuskarsa. Sai ya miƙa wa Kyaftin ba tare da ya kalle shi ba.

"Duba min nan. Ba don ban gani ba, don ka koya."

"Ya ɗan yi waje, Baba."

"Na sani. Gwada ka nake."

Wayar Kyaftin ta yi ƙara a aljihu. Ya goge hannu a wando ya duba, Auta na leƙe ta kafaɗarsa. Mai wani otal ne da ya ba shi aikin ɗaukar gininsa mako mai zuwa. Ya ce a bar aikin tukuna, sun ji abin da jirgin ya yi, su kuma gininsu tsoho ne.

"Na nawa ke nan?" ta tambaya a hankali.

"Kar ki ƙirga."

"Zan iya nuna musu bidiyon. Da cikakken nauyinsa. Kowa zai ga tsagar ta tsufa."

Ya kalli Baba, wanda ke can yana bayyana wa wani lebura cewa shi a rayuwarsa bai taɓa gina bango karkatacce ba. Ya mayar da wayar aljihu, ya karɓi ruwan ya sha, ya sunkuya ya ɗauki bulo na gaba.